Kabarin da Honarabul Ya Yi wa Tayil

A Kafanchan, idan ka ga mutum cikin kwat da rana tsaka, riƙe da jakar fata wadda babu komai cikinta sai cajar waya da tsohuwar jarida, yana gaishe da 'yan sandan hanya da sunayen da ba nasu ba, to ka gamu da Alexander. Honarabul ake ce masa. Bai taɓa cin zaɓe ba. Ya dai taɓa neman kansila, aka buga hotonsa a fosta, ruwan sama ya wanke fostar, sunan ya zauna.

Ƙanensa Levi ba haka yake ba. Makanike ne, mai ƙarancin magana, wanda idan ya yi dariya sai ya sunkuyar da kai kamar aro ya yi. Ya tafi Kamaru neman aiki yana saurayi, ya yi aure a can, ya haifi 'ya. Da rikici ya ci garin da suke, ya kamo hannun matarsa Scholastica da 'yarsa Tamar suka tsallako da kayan jikinsu, takardun aure da na haihuwa suka ƙone tare da gidan. Bai daɗe da dawowa ba ciwo ya kwantar da shi, kafin damina ta fita ya tafi. Aka kai shi ƙauyensu, Ungwan Kanya, a hanyar Kachia, aka binne shi bayan gidan ubansa.

Honarabul bai je jana'izar ba. Yana Abuja yana jiran wani babban mutum da ya ce masa yana zuwa. Ya iso bayan an watse, ya tsaya a coci ranar godiya ya yi jawabin da sai da fasto ya sa aka kashe makirufo, amma bai zagaya bayan gida ba, saboda akwai taɓo, kuma takalmansa sababbi ne. Duk da haka, a Kafanchan babu teburin mai shayi da bai ji daga bakinsa ba cewa shi ya shiga rami ya karɓi ƙanensa da hannu biyu.

Shekaru suka ɗan ja, Tamar ta girma a gefen kaskon ƙosan uwarta kusa da tashar jirgi, har ta sami gurbi a makarantar koyon aikin jinya. Makarantar ta ce ta kawo shaidar cewa ita 'yar ƙasa ce kafin a rufe rajista, in ba haka ba a ba wani gurbin. Scholastica ta yi tambaya, aka ce mata abin ba wuya: ta je wurin dagacin ƙauyen mijinta ya shaida, sannan ofishin shige da fice su sa hannu tunda a waje aka haifi yarinyar. Dagacin kuwa, Baba Eli, ya san su kamar yunwar cikinsa. Ta sayi kaza ta gaisuwa, ta ɗaure mata ƙafa, tana shirin fita Honarabul ya yi sallama.

"Matarmu, ina za ki da kaza?"

Ta gaya masa. Ya ajiye jaka, ya dube ta kamar ta ce za ta kai ƙarar gwamna wurin mai unguwa.

"Dagaci? Ina raye za ki kai maganar ƙasa da ƙasa gaban dagaci? Wannan maganar tarayya ce. Baba Eli ko fasfo bai taɓa riƙewa ba."

"Yaya, su ofis ɗin ne suka ce in fara da shi."

"Haka suke gaya wa marasa gata. Ke kina da ni."

Ya karɓi maganar, ya karɓi kazar. Maganar ta kwana a hannunsa, kazar ba ta kwana ba.

Dabararsa ta farko ita ce a share Kamaru daga duniya. Ya zaunar da Tamar a kan benci ya ce daga yau a Kafanchan aka haife ta, a kwatas ɗin 'yan reluwe, bayan tankin ruwa. Ya hana ta faɗin duk wata kalmar da ke da ƙanshin Faransanci, ya sayo mata hula kore da fari da kore, ya tsaya ƙame yana koya mata taken ƙasa. Sai dai shi kansa yakan fara da tsohon take ya ƙare da sabo, har masu sayen ƙosai suka riƙa tsayawa suna jiran inda zai sauya hanya. Tamar ta ce ita ta iya taken tun tana sakandare. Ya ce na sakandare daban, na ofis daban.

Ranar zuwa ofis suka tarar da wata jami'a, Madam Hafsat, mace mai sanyin murya wadda takan bari mutum ya gama haƙa raminsa kafin ta leƙa. Honarabul ya fara da gabatar da kansa. Ya ce ya san manyanta na Abuja, ya ce shekarun da ya yi a Legas a tashar jiragen ruwa sun fi shekarun yarinyar nan, bai taka Kafanchan ba sai kwanan baya. Daga nan Madam ta juya ga Tamar ta tambaye ta inda aka haife ta.

"Kafanchan," in ji Honarabul.

Ta tambayi Tamar wane asibiti.

"A gida," in ji Honarabul. "A gabana. Ni na yanke cibiyar."

"Daga Legas?"

Ya yi tari, ya ce ya zo hutu. Ta tambayi asalin uwar, ya ce 'yar Kagoro ce gaba da baya. Madam ta dubi Scholastica ta ce, "Mama, sannu da zuwa." Scholastica ta amsa, kuma da kalma biyu kawai harshenta ya tsallake iyaka ya koma gida. Fankar ofis ce kaɗai ke magana.

Madam Hafsat ta rufe fayil a hankali. Ta ce da farko wannan ƙaramin aiki ne, amma yanzu an ba ta labarin da ba shi da ƙafa, don haka ya zama bincike. Za ta je ƙauyen ranar Alhamis ta ji daga bakin dagaci, ta gani da idonta. Idan labarin bai tsaya ba, ba za ta sa hannu ba, fayil ya wuce Kaduna, kuma ita ba ta san ranar dawowarsa ba. Tamar ta san abin da hakan ke nufi. Makaranta ba ta jiran fayil.

A bakin ƙofa Honarabul ya gyara kwat ya ce, "Kun gani? Na sa ofis da kansa zai tako gidanmu. A duk Ungwan Kanya wa ya taɓa yi?"

"Baba, da ka bar ni na faɗi gaskiya," in ji Tamar.

"Gaskiya ta coci ce. A ofis dabara ake yi."

A hanyar gida dabara ta biyu ta sauko masa, kuma ya ji ta fi ta farko girma. Ma'aikacin gwamnati, in ji shi, ba ya yarda da kunnensa, da idonsa yake yarda. Takarda tana ƙonewa, amma wa ya taɓa ganin kabari ya ƙone? Idan Madam ta zo ta tarar da kabarin Levi an yi masa siminti da tayil, da launin tutar ƙasa, da rubutu manya-manya, ai ko alƙalami ba sai ta nema ba, hannunta zai sa kansa. Bai gaya wa kowa ba, don kada a sace masa basira.

Ya ɗauko wani birkila, Azariya, wanda bai taɓa zuwa ƙauyen ba. Suka loda siminti da tayil a keke mai ƙafa uku, suka isa ranar kasuwa, lokacin da duk mai ƙafa ya tafi ciniki. Gidan uban Levi a kulle yake tun bayan rasuwar. Suka zagaya baya, Honarabul na gaba yana taku kamar wanda ya saba. A zuci kuwa ya fara jin zafi a ƙeya, domin bayan gidan fili ne da ciyawa da itatuwa, kuma babu abin da ke ɗaga hannu ya ce ga ni. Tambaya ba ta yiwuwa. Mutumin da ya shiga rami da kansa ba ya tambayar inda ramin yake.

Sai ga shi, ƙarƙashin mangwaro, wajen iyaka da gidan maƙwabciyarsu Mama Keziya: tudun ƙasa dogo, daidai tsawon mutum, an lulluɓe shi da busasshiyar ciyawa cikin tsari. Honarabul ya cire hula ya ce jini ba ya ɓata hanya.

Azariya ya kwashe ciyawar, ya durƙusa zai fara awo, sai ya ɗaga hanci.

"Oga, kabarin nan yana ƙamshi."

"Ƙamshin me?"

"Kamar citta."

"Kai ba ka karanta Littafi Mai Tsarki? Adali ko a ƙasa ƙamshi yake. Kwaɓa siminti."

Suna tsakar aiki Giɗaɗo, Bafulatanin da rugarsa ke bakin rafi, ya zo wucewa da shanu. Ya tsaya ya jingina da sanda, ya dubi aikin, ya dubi kwat.

"Honarabul, sannu da ƙoƙari. Mama Keziya ce ta sa ka?"

"Ni mace ke sa ni aiki? Kora shanunka kada su taka tayil."

Giɗaɗo ya ce Allah ya ba da lada, ya wuce. Da yamma ya ba da labari a ƙauye cewa Honarabul na yi wa tsohuwa gini a bayan gida. Mutane suka ce lalle zaɓe ya matso. Mama Keziya kuwa tana Maraban Rido wurin 'yarta da ta haihu. Babu wanda ya je ya tambayi Honarabul, domin a Ungwan Kanya an daɗe da gano cewa duk wanda ya yi masa gajeriyar tambaya sai ya rasa yininsa. Shi kuma ya rufe aikin da tamfol, ya danne da duwatsu, ya ce kowa ya taɓa sai kotu.

Ranar Alhamis ƙauye ya wayi gari da kanofi, da kujerun roba, da lasifika mai kukan akuya. Ya gayyato zumuntar mata da gangunansu ba tare da ya gaya musu bikin mene ne ba, sai suka zo da waƙoƙin aure don kada a yi asara. Baba Eli ya zauna a gaba da dattawa. Motar Madam Hafsat ta iso ɗauke da Scholastica da Tamar, wadda aka tilasta wa sa hular nan mai launin tuta.

Scholastica na ganin inda tamfol yake ta tsaya cak. Ta matso kusa da shi ta rage murya.

"Yaya, abeg, ba nan..."

"Matarmu, yau ba ranar maganar mata ba ce. Nemi kujera."

Ya karɓi makirufo. Ya yi maraba da gwamnatin tarayya, ya yi maraba da kansa, ya kawo tarihin gidansu tun kafin zuwan jirgin ƙasa, ya ƙara musu kakanni biyu da ko Baba Eli bai taɓa jin sunansu ba. Sannan ya kama bakin tamfol ya fizge. Tamfol ya maƙale a dutse, ya sake fizga, ya tafi da baya ya zauna a cinyar shugabar zumunta. Da aka ɗaga shi, ga aiki ya bayyana: tayil kore da fari da kore yana walƙiya, an rubuta a kai da baƙin fenti, LEVI, ƊAN ƘASA NA ASALI.

Ganga ta mutu a hannun mai kiɗa. Wani dattijo ya buɗe baki ya manta bai rufe ba. Baba Eli ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, abin bai canza ba.

Honarabul ya ɗauki shirun a matsayin girmamawa. Ya zube a kan tayil ya rungume shi, ya fashe da kukan da babu ruwa a ciki. Ya ce a nan, daidai nan, ya tsaya cikin rami ya karɓi ɗan'uwansa. Ya ce har yau yana jin nauyinsa a kafaɗa. Ya ce duk wata yana zuwa nan su yi hira. Ya kira Madam ta matso ta ji yadda wurin ke ƙamshi.

A nan ne aka ji ƙarar acaɓa. Mama Keziya ta sauko tun kafin mashin ya gama tsayawa, ƙullin kayanta a kai, domin labarin ginin ya same ta a waya. Ba ta gaishe da kowa ba. Ta shiga gidanta ta fito da diga.

"Alisanda, tashi a kan cittata."

"Mama, ki girmama matacce."

"In ya mutu kai ma ka mutu. Tashi."

Kowa a ƙauyen ya san abin da ke ƙasan tayil ɗin, ban da mai kuka a kansa. Irin citta ne. Tun shekarar da ciwo ya cinye gonakin citta a ƙasar nan, mai iri mai kyau ya fi mai shanu barci da ido ɗaya. Tsohuwar nan ta tsamo nata da ƙyar, ta tara shi a inuwa, ta rufe da ƙasa da ciyawa yadda ake yi, yana shan iska yana jiran ruwan fari. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, shi kuma wani ya zo ya toshe masa hanci da siminti.

Honarabul ya juya ga Madam ya ce ta yi haƙuri, tsufa ne, tsohuwar ba ta gane hagu da dama. Ya ce shi da ya shiga ramin ai ya fi kowa sani. Mama Keziya ta ɗaga diga, shi kuma ya mirgina gefe da saurin da bai dace da mai makoki ba. Kusurwar tayil ta tsage, ƙamshi ya tashi ya cika kanofi har masu kujerar baya suka yi atishawa. Ta zura hannu ta zaro citta mai yatsu, ta fara toho, ta miƙa masa a hanci.

"Ga ɗan'uwanka. Gaishe shi."

Ya dubi cittar, ya dubi jama'a, ya ce ai al'adar gidansu ce a binne mutum da citta.

"Wane gida?" in ji Baba Eli.

"Levi yana son shayi mai citta, kowa ya sani."

"To nan gaba idan ka mutu za mu binne ka da makirufo," in ji Mama Keziya.

Dariyar da aka danne tun safe ta ɓalle. Matan zumunta suka riƙe juna, Giɗaɗo da ke tsaye can bakin iyaka ya zauna a ƙasa, har lasifikar ta taya su.

Madam Hafsat ba ta yi dariya ba. Ta miƙe, ta sa fayil a hammata, ta ce an ba ta wurin haihuwa na ƙarya, an ba ta uwa ta ƙarya, yanzu ga uba na ƙarya, ita kuma tana da aiki a ofis. Dariya ta tsaya. Scholastica ta rufe fuska da gefen zani. Honarabul ya buɗe baki zai kawo dabara ta uku, Baba Eli ya ɗaga masa sanda, ya rufe.

Madam ta kai rabin hanyar mota, sai ta tsaya ta waiwayo.

"Tamar, ina babanki?"

Tamar ta cire hular ta ajiye a kan kujera. Ta bi ta gefen wani rumbu da ya rushe. Nan akwai wata siririyar hanya cikin ciyawa, wadda ba fartanya ce ta yi ta ba, ƙafa ce. Faɗinta bai wuce na mutum ɗaya ba, ƙasarta ta daddale ta yi santsi, irin hanyar da ba ta samuwa sai an bi ta Lahadi bayan Lahadi, da rani da damina. Jama'a suka bi bayanta a jere, domin hanyar ba ta ɗaukar biyu.

A gindin ɗorawa ta ƙare. Kabarin Levi kamar Levi yake, bai ɗaga kai ba. Ƙasa ta lotsa ta koma daidai da 'yar'uwarta, an share kewaye tas, tsintsiyar ma tana jingine da itacen. A wajen kai shuwaka ce ta yi tsawo har ta wuce ƙugu. Scholastica ta dasa ta daga wani reshe da ta samo, domin ganyen miyar garinsu ce, kuma miyar da mijinta ya fi so. Ba wanda ya tambayi shuwakar takarda, ta dai kama ƙasa.

Madam ta daɗe tana duban wurin. Sannan ta sake tambayar da ta yi a ofis, ta ce wannan karon mai bakin ta amsa.

"A Kamaru aka haife ni, Madam. Gidanmu ya ƙone. Wannan babana ne."

"Ni na riƙe hannunta ta zuba ƙasa ta fari," in ji Baba Eli. "Levi ɗan gidan nan ne, a gabana ya yi rarrafe. Da sun zo mini tun farko, da ko kujera ba a ɗauko ba."

Madam Hafsat ta ce 'yar ɗan ƙasa 'yar ƙasa ce, ko a bayan teku aka haife ta, kuma babu abin da ya kusa raba yarinyar nan da makarantarta sai taimako. Ta ce dagaci ya rubuto shaidarsa, Tamar ta kawo da safe ita da uwarta, su biyu kawai. Ta maimaita su biyu kawai. Scholastica ta durƙusa ta dafa ƙasar kabarin, ta yi wa mijinta magana a hankali da harshen da aka hana su yi duk makon.

Da suka dawo wajen kanofi suka tarar da Honarabul bai bi su ba, don bai sami dama ba. Mama Keziya ta ba shi guduma, ta ja kujera ta zauna a gabansa da diga a cinya. Yana durƙushe cikin kwat yana fasa tayil ɗinsa, tana gaya masa ya bi a hankali, duk yatsan cittar da ya karya za ta nemi irinsa a hannunsa. Ya riga ya farfashe sunan Levi. Saura ƊAN ƘASA NA ASALI, yana ta kewaye shi da guduma kamar yana jin tausayinsa.

Madam ta buɗe ƙofar mota, ta dube shi, ta juya ga dagaci.

"Ranka ya daɗe, shi wannan fa, ɗan garin nan ne?"

Baba Eli ya sake cire tabarau ya goge. Ya dubi kwat ɗin da ya yi fari da siminti, ya dubi takalman da sai makon nan suka san ƙasar bayan gidan ubansu.

"Sai ya kawo shaida," in ji shi.